Zafi da shimfiɗa a kejin ƙaramar mesa

Ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, tana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a duniya. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da Najeriya, kuma daga Gana, Togo da Benin ake fitar da mafi yawanta zuwa Amurka da Turai.

Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, don haka dole kejin ya kasu gida biyu. Gefe guda ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɗayan kuma 24 zuwa 27, kowanne da maɓoya. Idan ɗumi ya gaza, abinci ba ya narkewa, har mesar ta amayar da shi. Idan ya zarce 35 ba wurin tserewa, tana iya mutuwa. A yawancin sassan Najeriya wannan ne haɗarin da ya fi kusa, musamman ga kejin gilashi da rana ke bugawa. Duk abin ɗumamawa sai an haɗa shi da na'urar daidaita zafi, domin maciji kan kwanta a kai har cikinsa ya ƙone.

Ɓawon kwakwa shimfiɗa ce mai riƙe laima, wadda ake so ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100, ta ɗan ƙaru lokacin saɓa. A hunturu iska kan bushe, saɓar ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Tsohuwar jarida ma tana wadatarwa, amma dusar itacen al'ul tana da mai da ke cutar da numfashinta.