Lokacin da Aka Ce Hakiman Kano Su Fita Bakin Aikinsu

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, amma bari mu faro ta daga abin da ke kunnen kowa.

Tun da annobar korona ta lafa ake ta ja-in-ja a duniya kan inda ya kamata ma'aikaci ya zauna ya yi aikinsa, gida ko ofis. Kamfanin Amazon ya ce daga Janairun 2025 ma'aikatansa su dawo ofis kwana 5 a mako. Shugaban Amurka Donald Trump, a ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairu 2025, ya sa hannu a kan umarnin ma'aikatan gwamnati su koma kujerunsu. A nan gida ma mun ɗanɗana. A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, Kaduna ta mayar da ranakun aiki 4 a Disambar 2021, Edo kuma ta rage ranakun zuwa ofis suka koma 3 bayan cire tallafin mai a 2023. Wanda ya ji wannan zai zaci rigima ce ta zamanin kwamfuta da intanet. Alhali kuwa an yi irinta a ƙasar Kano sama da shekara 100 da suka wuce, an yi ta da zafi har rawuna suka girgiza, kuma Wudil na cikin garuruwan da ta sauya wa matsayi.

Kafin zuwan Turawa, manyan masu sarautar Kano ba a ƙasashen da suke riƙe da su suke zaune ba. A birni suke, kusa da fada. Madaki da Makama da Sarkin Bai da Galadima da Ciroma, kowa da gidansa a cikin ganuwa, kowa kuma da garuruwan da aka ce nasa ne. Garuruwan nan ma ba lallai ne su kasance a haɗe ba: mutum ɗaya zai iya riƙe wani gari a gabas, wani a kudu, a tsakaninsu akwai na wasu. Makama, wanda sarautarsa ke hannun Joɓawa tun bayan jihadi, zuriyar su Malam Bakatsine, tushen mutanensa yana can Utai a ƙasar Wudil, amma shi da safe a fada ake ganinsa. Daga birni zuwa Wudil kilomita 40 ne da ɗoriya, wato tafiyar yini a kan doki, ga kogi a gaba, in damina ta yi nisa sai da fito.

To yaya aikin yake tafiya? Ta hannun jakada. Kalmar nan da muke kiran wakilin Najeriya a Saudiyya ko Ingila da ita yau, asalinta bara ne ko bawa amintacce da hakimi ke aikawa garinsa. Shi ke kai saƙo ga dagaci, shi ke tsayawa a tara kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi, shi ke komo wa ubangidansa da labarin wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura da wanda ke neman sarauta. Hakimi bai ga gonar ba, bai ga manomin ba. Abin da jakada ya ce ya gani, shi ne hakimi ya gani. Idan za mu faɗa da bakin yau, hakimi yana aiki daga gida, jakada kuwa shi ne wayarsa.

Kuma kada a ɗauka lalaci ne ya zaunar da su a birni. Aikin hakimi na gaskiya a wancan lokaci a fada yake: shawara, shirin yaƙi, naɗi da tuɓewa. Wanda ba ya nan aka yi rabo, ya san abin da Hausawa suka ce game da wanda ba ya nan. Shi ma sarki ya fi samun barci idan manyan ƙasa suna inda idonsa ke kaiwa. Babban mutum da dawakai da barori a nesa da fada abin tsoro ne, kuma Basasar da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta nuna haka ƙuru-ƙuru, domin sai da Yusufawa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai sannan suka tara ƙarfin da suka dawo suka ci Kano da shi.

Turawa suka shiga Kano a watan Fabrairu na 1903, aka naɗa Wambai Abbas sarki. Lugga da mutanensa suka dubi tsarin suka ce bai yi musu ba, kuma hujjojinsu, in ka saurara da kyau, su ne dai waɗanda shugabannin kamfanoni ke kawowa yau. Suka ce ba a san wanda za a kama ba idan abu ya lalace. Suka ce mai riƙe da ƙasa bai san ƙasarsa ba. Suka ce jakadu na tatsar talakawa, suna cin rabonsu a hanya kafin kuɗin ya iso. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci musu rai, domin kuɗin da ke zubewa a hanya yanzu suna da rabo a cikinsa. Razdan na farko a Kano, Dokta Featherstone Cargill, shi ya ɗauki aikin a kansa. Ya tattara garuruwan da ke warwatse ya yanka ƙasar manyan ɓangarori, kowane ɓangare a haɗe, kowanne da hakimi ɗaya. Kafin ya bar Kano a 1908 an umarci hakimai su fita su zauna a cikin ƙasashensu, jakadu kuma a daina aiki da su. Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. (Ga masu son bin asalin kalma: gunduma dai yankan babban ƙaso ne, kamar yadda mahauci ke gunduma nama. Sunan da muke kiran ƙasar hakimi da shi har yau ya riƙe hoton wuƙar.)

A haka Dawakin Tofa ta zama mazaunin Madaki, Ɗambatta ta Sarkin Bai, Wudil kuma ta zama mazaunin Makama.

Ba a karɓi abin da guɗa ba. Sarki Abbas da Cargill sun yi ta kai ruwa rana, har Razdan ya kai ga ɗaukar wani babban bawan sarki, Ɗanrimi Allah Bar Sarki, ya ɗora shi a kujerar Waziri. Sai da Temple ya zo a 1909 aka warware wannan, aka lallashi sarki, aka kafa Baitulmali. Amma batun zaman hakimai a gundumomi ba a janye shi ba. Sannu a hankali aka ɗora su a kan albashi, aka ba su malaman haraji da littattafai da rasit, Di'o kuma yana fitowa rangadi ya duba. Ofis kenan ya iso ƙauye, da rawani a kansa.

Ka sa kanka a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ka tashi a birni, iyayenka a nan aka binne su, malamanka da surukanka da abokan hirarka duk suna nan, kullum kana faɗuwa gaban sarki yana amsa maka da sunan sarautarka. Rana ɗaya wani baƙo ya ce ka kwashe iyali ka koma garin da wataƙila ba ka taɓa kwana a cikinsa ba. Ga mutumin birni na wancan zamani, wannan da kora kaɗan ne bambancinsu. Abin da ya fi tsoro kuma ba rashin jin daɗin ƙauye ba ne, a'a, abin da za a faɗa a kansa a fada ba ya nan. Ma'aikacin yau da ke aiki daga gida yana fargabar wanda oga ke gani kullum shi za a ƙara wa girma. Fargabar ɗaya ce, sai dai ta juya baya. Shi hakimi, wurin da ake ganinsa aka raba shi da shi da sunan kai shi bakin aiki.

Abin tambaya shi ne, talakan ƙasar Wudil ya ci riba? Ni a ganina amsar ba ta da daɗin da Turawa suka so ta yi. Gaskiya ne an samu wanda za a kai wa kuka a kusa. Rikicin gona ko na makiyayi da manomi da a da sai an jira jakada ya je ya dawo, yanzu ana iya kashe shi a zauren hakimi kafin la'asar. Garin da hakimi ya sauka kuma ya kan haɓaka, domin alƙali da kotu da makaranta da ɗakin shan magani duk inda hakimi yake suke bi. Amma jakada baƙo ne, yana zuwa yana tafiya, idan ya juya baya mutane su numfasa. Hakimi kuwa ya zo kenan, da dawakinsa da barorinsa da fadawansa, kuma duk bakunan nan a ƙasar za su ci. Gandunsa sai an nome, baƙinsa sai an sauke. Su jakadun ma ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, da yawa suna kawai suka sauya, suka zama yaran hakimi. Ƙididdigar kawuna da ta shanu ta ƙara tsauri, saboda mai ƙirga yanzu ya san lungu da saƙo, Bafulatanin da a da yake ɓoye rabin garkensa a bayan kogi lokacin jangali ya ga ta kansa. Ba banza ba, da NEPU ta kafu a Kano a 1950, yawancin ƙorafin da ta yi ta yayatawa a karkara a kan hakimai da dagatai da haraji yake, wato a kan shugabannin da ke zaune daram a bakin aikinsu. Zaman mutum a wurin aiki yana ƙara masa sani da iko. Wanda zai amfana da sanin, wannan magana ce daban, kuma ita ce masu jayayyar yau suka fi tsallakewa.

Akwai wani abin dariya a ciki. Hakiman ba su saki gidajensu na birni ba. Kowa ya bar wani nasa a can yana sa masa kunne a fada, yana aiko masa da labari. Jakadan da a da yake fita daga birni zuwa ƙauye, sai ga irinsa yana fita daga ƙauye zuwa birni. Da Sallah kuma kowane hakimi ya ɗauro sirdi ya shigo da jama'arsa ya yi jahi gaban sarki, al'adar da har gobe muke tururuwar kallo.

Duk wannan fa maganar masu sarauta ce. Sauran jama'a ba su san wata rarrabewa tsakanin gida da wurin aiki ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga nan a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma abin da ya burge shi shi ne ba a manyan masana'antu irin na Turai ake yin su ba, a cikin iyali ake yi, ba tare da an raba mutum da gidansa ba. Mace na kaɗi a ɗaki, masaƙi na saƙa a ƙofar gida, marini na bakin karofi a bayan gari. Fiye da shekara 100 bayansa, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, don babu mai ganinsa a kasuwa balle a littafin gwamnati. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a Wudil, ko wadda ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp yau, ba ta jira korona ta koya mata aiki daga gida ba. Abin da ya faru kawai shi ne, tun da albashi da agogo suka shigo, kalmar "ma'aikaci" ta koma ta wanda ke fita da safe, ita kuma aka bar ta da "'yar sana'a".

Wudil ta yau kuwa ta tara ofisoshin da Cargill bai yi mafarkinsu ba: sakatariyar ƙaramar hukuma, Kwalejin 'Yan Sanda, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Amma ka tsaya a bakin gada da safe ka dubi motocin da ke fitowa daga Kano, ka sake tsayawa da yamma ka dube su suna komawa. Birni bai daina riƙe mutanensa ba, mota ce kawai ta mayar da tafiyar yini ta koma ta awa guda, tun daga 2023 kuma kuɗin mai ya sa kowa na ƙirga kwana nawa zai iya zuwa a mako. Gwamnoni a jihohi daban-daban sun sha ba da umarnin shugabannin ƙananan hukumomi su koma su tare a yankunansu, kusan da kalmomin Mai Gunduma, kuma yawan maimaita umarnin kaɗai ya isa ya gaya maka yadda ake bin sa.

Ga masu neman abin rubutawa a cikinmu, ni da zan zaɓa, ba hakimin zan ɗauka ba, jakadan zan ɗauka, a shekarar da aka ce aikinsa ya ƙare. Mutum ne da ya shekara 20 yana bin hanya ɗaya, ya san mashigin da doki ke iya ƙetarewa a watan Agusta, ya san dagacin da ke ɓoye hatsi da wanda ke ɓoye mutane, ya san nawa aka tara da nawa ya isa birni, kuma shi kaɗai ya san bambancin. Yanzu ga ubangidansa ya ɗauro kaya zai zo ya zauna a garin, zai ji da kunnensa abin da a da sai ta bakin jakada yake ji. Dagacin ma yana jira ya ga wanne labarin zai fara fitowa, nasa ko na jakada.