Wasiƙun Sojojin Zazzau a Yaƙin Duniya na Biyu: Abin da Suka Faɗa da Abin da Suka Ɓoye

Tun shekarar 1924 Turawan mulkin mallaka suka kafa makarantar horar da kuratan soja a Zariya. Saboda haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, daga nan samari masu yawa suka kama hanyar fagen fama. Wasu sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a 1941. Daga 1943 kuma aka kwashi Runduna ta 81, sannan ta 82, zuwa Indiya da Bama don su kara da Japan. Babu abin da ya haɗa waɗannan mutane da iyalansu a cikin ganuwar Zariya sai wasiƙa.

Wajibi ne mai nazari ya lura cewa wasiƙar soja takan bi ta hannu uku. Na farko shi ne marubuci, domin akasarin sojoji ba su iya boko ba, sai su nemi wani abokinsu ya rubuta musu, ko da boko ko da ajami. Na biyu shi ne hafsan da ke tace wasiƙu, wanda zai soke sunan gari, ko yawan mayaƙa, ko inda bataliya ta dosa, don kada labari ya faɗa hannun abokan gaba. Na uku shi ne malami ko ɗan makarantar da zai karanta ta a zaure, jama'a suna saurare.

Wannan ne ya sa abin da ya kuɓuta shi ne gaisuwa, da neman addu'a, da cigiyar iyali, da batun kuɗin da ake yanka daga albashi a ba mai ɗaki. Sojan da ya ratsa kwarin Kaladan a 1944 da kaya a ka, yana jiran jirgin sama ya jefo masa abinci, ba shi da ikon bayyana inda yake. Kunya ma takan hana shi ambaton tsoro a takardar da za a karanta gaban mahaifinsa.

Inda kuwa labari ya yanke, jita-jita takan maye gurbinsa. Idan wasiƙa ta yi jinkiri, ba wuya a ɗauka mai ita ya rasu, alhali tana iya yiwuwa hanya ce ta riƙe ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa da labarun yaƙi, sai dai ita ma muryar hukuma ce.

Daga ƙarshe, bai kamata a ɗauki shirun waɗannan wasiƙu a matsayin shaidar jin daɗi ba. Sunan Barikin Chindit da ke Zariya yana tuna yaƙin Bama, amma ba ya faɗin halin da kurtu ya shiga. Duk wasiƙar da ta saura a adakar wani gida a birni, ya dace a adana ta, a kuma auna ta da abin da iyali suka riƙe na baka, kafin gara ta riga masu bincike.