Yadda Nima Ta Hau Taswira, Daga Takardar Safiyo Zuwa Sabar Intanet

Unguwannin zango na Accra, a Ghana, sun daɗe da kafuwa kafin hukuma ta zana su a takarda. Bayan Turawan Ingila sun mayar da hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, fatake da malamai da tsofaffin sojoji Hausawa suka yi ta taruwa a wurin da yau ake kira Zongo Lane, ƙarƙashin Malam Naino. Ɗansa Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango a filin da ya samu daga shugabannin ƙabilar Ga. Nima ta zo daga baya, wajen 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya karɓi fili daga gidan Odoi Kwao na Osu. A irin wannan zama, iyakar fili tana bakin dattawa ne. Maigida ya nuna wa baƙo inda zai kafa ɗaki, shaidu su gani, magana ta ƙare.

Ba wai mulkin mallaka ya rasa ma'auna ƙasa ba. Gordon Guggisberg, gwamna daga 1919 zuwa 1927, da aikin safiyo ya fara a ƙasar. Sai dai hankalin 'yan safiyo yana kan ma'adinai da layin dogo da unguwannin Turawa irin su Ridge da Cantonments. Nima tana wajen iyakar birni har 1951, alhali Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da leburori da masu hidima a sansanonin soja na kusa. Gida ya manne da gida, ba titi, ba magudana, lungu ɗaya ya haifi goma. Ko da mai bincike Keith Hart ya zauna cikin 'yan ƙabilar Frafra na unguwar a shekarun 1960, ya kuma fitar da maƙalarsa ta 1973 kan sana'o'in da gwamnati ba ta ƙirgawa, abin da ya gani mutane ne masu aiki dare da rana waɗanda takardun hukuma ba su san da su ba.

Kwatance ne ya maye gurbin adireshi: a wuce kasuwar Nima, a bi bayan masallaci, a tambayi mai wake da shinkafa. Ɗan unguwa ba ya ɓata, amma motar kashe gobara tana ɓata, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ambaliyar 3 ga Yuni 2015, da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle da ta ci rayuka sama da 150, su suka tilasta a dubi rafin Odaw da kwatocin da ke zuba cikinsa, har da babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Maamobi. A Oktoba 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wadda ta yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne mita biyar tsawo da faɗi, da lambarsa. Lambar tana nuna wuri, amma ba ta faɗin ko akwai hanyar isa can. Daga 2018 shirin Open Cities Accra, da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa ƙungiyar Mobile Web Ghana da masu sa kai na OpenStreetMap, suka bi Alogboshie da Akweteyman da Alajo da Nima da wayoyi, suna shigar da gine-gine da kwatoci da wuraren da shara ke toshewa.

Abin da ya bambanta wannan taswira da ta zamanin safiyo shi ne lasisinta. OpenStreetMap, da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, ta yarda kowa ya kwafi bayananta matuƙar ya ambaci tushe. Don haka majalisar Ayawaso East, wadda Nima ke ƙarƙashinta tun 2018, ko wata ƙungiyar matasa, tana iya ajiye taswirar a sabar kanta. Ana sauko da bayanan Ghana, a zuba su a rumbun PostGIS, wata manhaja ta yanka su ƙananan hotuna masu murabba'i, sannan manhajar Leaflet ta jera su a wayar mai dubawa yana matsowa yana nisantawa. Amfanin a fili yake, musamman tun da Google ta ƙara kuɗin amfani da taswirarta ga masu shafuka a 2018. Mai sabar shi ke zaɓar abin da zai fito, da sunan da lungu zai amsa, da bayanin da za a ɓoye, domin taswirar da ta nuna gidajen bakin kwata tana iya jawo gyara, tana kuma iya jawo rusau.

Nauyin ma ba kaɗan ba ne. Sabar tana son wuta wadda ba ta yankewa, da kuɗin intanet kowane wata, da ma'aikacin da zai toshe kafar masu kutse ya kuma adana kwafi a wani wuri. Mafi wuya shi ne sabuntawa, domin a Nima da Maamobi ana ƙara ɗaki, a sa kwantena a bakin hanya, a rufe lungu cikin mako guda, kuma sai wani ya sake takawa da ƙafa kafin canjin ya shiga rumbun.