Yadda Fina-finan Barade Uku na John Ford Suka Samu, da Matsayin Kowannensu

Fim ɗin kaboyi, wato wanda ake gina labarinsa a kan makiyaya da 'yan bindiga da sojojin yammacin Amurka na ƙarni na 19, yana cikin irin fina-finan da suka fara cika gidajen silima na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a zamanin mulkin mallaka. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka daɗe suna riƙe da harkar, yayin da a ƙasashen rainon Faransa, tun daga Dakar da Yamai har zuwa Libreville, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, suka mamaye shigo da fina-finai da rarraba su, ta yadda abin da ɗan kallo ke gani a Gabon bai cika bambanta da abin da takwaransa ke gani a Nijar ba. A cikin wannan nau'i akwai reshen da ya keɓanta da barade, wato sojojin doki na gwamnatin Amurka da suka yaƙi 'yan asalin ƙasar, kuma babu daraktan da sunansa ya fi haɗuwa da wannan reshe kamar John Ford, wanda aka haifa a 1894, ya rasu a 1973.

Fina-finai ukun da masana ke haɗawa wuri guda ba a tsara su tun farko a matsayin jeri ba, matsin aljihu ne ya haifar da su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Argosy, wanda Ford ya kafa tare da Merian C. Cooper, ya yi asara a fim ɗin The Fugitive na 1947, don haka suka koma ga abin da suka tabbatar kasuwa za ta karɓa, suka ɗauko gajerun labaran James Warner Bellah da ake bugawa a mujallar Saturday Evening Post. Daga nan Fort Apache ya fito a 1948, She Wore a Yellow Ribbon ya biyo baya a 1949, sannan Rio Grande a 1950, kuma John Wayne ne ya fito a dukkansu.

Rio Grande ne ya fi nuna alamun wannan matsi, domin Herbert Yates, mai kamfanin Republic, ya gindaya sharaɗin a fara yi masa fim ɗin barade mai kawo riba kafin ya zuba kuɗi a The Quiet Man, aikin da Ford ya daɗe yana buri. An ɗauke shi a Moab ta jihar Utah, kuma duk da cewa haɗuwar Wayne da Maureen O'Hara a matsayin miji da matar da suka daɗe rabe ta yi armashi, 'yan ƙabilar Apache a cikinsa ba su wuce maharan da ake bi har cikin Meziko a hukunta ba, shi ya sa ya zo na uku a matsayi.

She Wore a Yellow Ribbon shi kaɗai ne mai launi a cikinsu, kuma Winton Hoch ya samu kyautar Oscar saboda yadda ya ɗauki duwatsun Monument Valley, kwarin da ke ƙasar 'yan Navajo a kan iyakar Arizona da Utah. Wayne, yana ɗan shekara arba'in da kaɗan, ya fito a matsayin Kyaftin Nathan Brittles, dattijon da ya rage masa kwanaki ya ajiye kaki, wanda a ƙarshe ya kashe wutar yaƙi ta hanyar tarwatsa dawakin abokan gaba cikin dare maimakon zubar da jini. Kyawunsa ba shi da tamka, amma begen rayuwar bariki ya rinjayi tunani a cikinsa, shi ya sa ya zo na biyu.

Fort Apache ya sha bamban, domin ya ɗauko inuwar kashin da kwamandan barade Custer ya sha a Little Bighorn a 1876, ya sa Henry Fonda a matsayin Laftanar Kanar Owen Thursday, mai girman kai wanda ya yaudari shugaban Apache, Cochise, ya ci masa mutunci a zaman sulhu, sannan ya jefa mutanensa cikin halaka duk da gargaɗin Kyaftin York, wanda Wayne ya fito a matsayinsa. Abin da ya ɗaga fim ɗin shi ne ƙarshensa, inda York, wanda ya san gaskiya sarai, ya bar 'yan jarida suna kambama Thursday a matsayin gwarzo don kare martabar runduna, ta haka mai kallo ya ga da idonsa yadda ake ɗinka wa kuskure rigar jarumta har ya shiga littafin makaranta.

Wannan batu ya fi kusa da Bahaushe fiye da yadda ake zato, tun da a 1903, a Kwatarkwashi da Giginya da Burmi, mahayan doki su ne mutanen ƙasa, masu bindigar Maxim su ne baƙi, kuma rahoton da ya fara yaɗuwa a duniya na waɗanda suka yi nasara ne. Duk da haka samari a gidajen silima sun fi kwaikwayon mai malfa da bindiga, al'amarin da Moustapha Alassane na Nijar ya yi wa ba'a a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier na 1966, inda wani matashi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, waɗanda cikin 'yan wasan da suka fito a matsayinsu har da Zalika Souley da Djingarey Maïga, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ford kansa ya waiwayi ɓangaren waɗanda aka zalunta a Cheyenne Autumn na 1964, sai dai bai kai ƙarfin abin da ya yi a 1948 ba. Idan ma'aunin shi ne wanne ne ya fi faɗin gaskiya game da yaƙin mamaya, Fort Apache ne na farko, kuma tazarar da ke tsakaninsa da Rio Grande mai faɗi ce.