Fiyano A Bayan Mota: Tarihin Kayan Kiɗanmu Da Wahalar Hanya

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan taɓo wani tarihi da ya daɗe yana ci min rai, wato yadda kayan kiɗa na lantarki suka riƙa isowa gare mu, da kuma wanda ke ɗaukar asara in sun lalace a hanya.

Mu da muka tashi a Ƙofar Kwaya mun san Katsina ba baƙuwar fatauci ba ce. A ƙarni na 18 nan ce babbar matattarar ayarin da ke keto Sahara daga Tarabulus, ta Gadamas da Agadas. Kaya masu tsada a cikin fata ake ɗinke su, a ɗora wa raƙumi, a yi watanni ana tafiya. Abin da ke tsare dukiya a lokacin shi ne amanar madugu da ta fatoma, domin kuwa wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama fatauci ke nan. Bayan jihadi kasuwa ta karkata Kano, da jirgin ƙasa ya iso can a 1911 sai kaya suka koma shigowa ta Ikko.

Makaɗanmu na gargajiya ba su san wannan damuwa ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zagaye ƙasashe da makaɗan kalangu. In fata ta fashe a hanya, a nemo wata a ɗaure, gobe a ci gaba da wasa. To amma fa fiyano ba ta san wannan sassauci ba.

Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ta riƙa bunƙasa, kuma cikin 'yan shekaru fiyanon Yamaha ta zama uwar kiɗan fim. Duk wanda ya ji yadda waƙar Sangaya ta game gari ya san abin da nake nufi. Daga nan samari suka shiga buɗe situdiyo a Kano, Kaduna, Jos, har da nan Katsina, wani ya sayar da babur, wani ya saka gadonsa kaf.

Ita wannan na'ura ciwonta kala-kala ne. Mabuɗanta na roba ne, in aka ɗora mata nauyi sai su karye. Ƙurar hunturu na shiga ta toshe wurin sa faifai, zafin cikin but na lalata gilashinta. Sannan ga wuta: ta Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230, saboda haka wanda ya jona adaftar da ba ta dace ba sai dai ya ji ƙauri. Shi ya sa masu wayo ba su yar da kwalin asali da farin soson da ke cikinsa. Sukan naɗe ta da leda, su ƙara da bargo, su cire adafta su ƙulle daban. Na san wani ƙanen ƙawata da ya biya kuɗin kujera biyu daga Kano, ɗaya tasa ɗaya ta fiyano. Aka yi ta yi masa dariya a tasha. Abokinsa da ya ba da tasa saƙo, yaron mota ya ɗora mata buhun masara, har yau bai koma sana'ar ba.

To wa zai biya shi? A tasha, in aka yi sa'a shugabannin direbobi su sasanta, in ba haka ba a ce ƙaddara ce. Ko a jirgin sama, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar kayan da aka aika saƙo ne bisa nauyin kilo, sai fa in mutum ya bayyana darajar kayansa tun farko ya biya ƙari. Fiyano kuwa ba nauyi gare ta ba, tsada gare ta.

Inshora ta daɗe a ƙasar nan, gwamnati ta kafa NICON a 1969, hukumar NAICOM ta zo a 1997. Sai dai mutanenmu da yawa sun ƙaurace mata saboda shakkar riba da caca a cikinta. A 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, inda jama'a ke haɗa kuɗi su tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, shigen taimakekeniyar da muka gada.

Yanzu kiɗa ya koma cikin kwamfuta, amma fiyano da mikisa da sifika suna nan suna hawa mota kullum. Shawarata ga ƙannenmu, a adana rasit, a rubuta lambar jikin na'ura, a ɗauki hotonta kafin a rufe kwali, a kuma yi magana da direba a gaban shaida. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, za mu ɗora daga inda labarinmu ya tsaya. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.