Ranar da Jaridar Buffalo Ba Ta Fito Ba

Da hantsin Juma'a, 28 ga Janairun 1977, iska ta taso wa birnin Buffalo da ke jihar New York a Amurka. Ba dusar ƙanƙarar da ta sauko ranar ce ta yi ɓarnar ba. Tafkin Erie da ke gefen garin ya daskare tun Disamba, dusa ta taru a kansa, iskar ta kwaso ta ta juye wa mutane. Mu kwatanta da hazon hunturu mai hana ganin gaba, sai dai wannan yana binne mota har rufinta. Mutum 29 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu.

A kwanakin nan jaridar safe ta garin, Courier-Express, ta kasa fitowa, abin da ba ta taɓa yi ba cikin fiye da ƙarni guda. Rediyo ya ɗauki nauyin. Wanda ya maƙale a masana'anta ko makaranta sai ya buga waya tasha, mai gabatarwa ya karanta: wane yana wuri kaza, lafiyarsa ƙalau. Gari guda yana sauraron murya guda, kuma akwai mutum a tsakiya mai tace saƙo kafin ya fita.

Dusa dai ba ta kashe Courier-Express ba, kasuwa ce ta kashe ta. A shekarar nan ta 1977 attajiri Warren Buffett ya sayi kishiyarta, Buffalo Evening News, ya ɓullo da bugun Lahadi, ranar da Courier-Express ke samun mafi yawan tallanta. Aka je kotu, aka yi ta asara ta kowane ɓangare, har ta rufe a Satumbar 1982. Garin ya koma mai jarida ɗaya. Ita ma ɗayar kamfanin Buffett ya sayar da ita ga Lee Enterprises a 2020, bayan intanet ta janye talla.

Sai ga 23 ga Disambar 2022. Guguwa ta dawo, ta sauke dusa fiye da mita ɗaya, ta kashe mutum sama da arba'in. An kai matsayin da motocin agaji kansu suka kasa motsi. Wannan karon mutane Facebook suka nufa. Zaurukan da mazauna garin suka buɗe suka cika da roƙo: tsohuwa ba wuta a gidanta, jariri ba madara, wa ke da babur ɗin kan dusa? An ceci rayuka ta nan, ba ma musun haka.

Amma mu da ke rubuta manhaja mun san abin da ke ƙarƙashin allon. Shafin yana fifita saƙon da ya fi jan tsokaci, ba lallai wanda ya fi gaggawa ba. A wurin aikinmu kowace matsala da aka shigar tana da mai rufe ta idan an gyara. A zauren babu wannan, sai roƙon jiya ya ci gaba da yawo bayan an kai ɗauki, na yanzu yana can ƙasa ba wanda ya gani. Wanda wayarsa ta mutu kuwa, ko dattijon da bai taɓa buɗe shafi ba, babu shi a lissafin. Binciken da Jami'ar New York ta yi wa hukumar birnin a 2023 ya gano gargaɗin hukuma bai isa ga jama'a yadda ya kamata ba, kuma baƙaƙen fata ne suka fi yawa cikin mamatan birnin.

A 2023 ɗin kuma Buffalo News ta rufe maɗaba'arta. Yanzu a Cleveland ake buga ta, tafiyar kusan kilomita 300, a ɗauko ta a mota ta babbar hanyar da ke bin gaɓar Tafkin Erie, wadda akan rufe idan dusa ta yi tsanani.