Shin barin sulalla cikin ƙunshinsu na ƙara musu daraja?

A duk shekara ma'aikatun buga kuɗi na ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Kanada kan fitar da sulalla na musamman, waɗanda ba don cefane ake yin su ba, sai don masu sha'awar tarawa. Akan sayar da su cikin roba ko leda, a saka a kwali, tare da takardar shaida.

Tambayar da masu saye suka fi yi ita ce ko buɗe ƙunshin zai rage abin da za su samu ranar da suka tashi sayarwa. Amsar da tarihin kasuwar ya bayar ita ce ƙunshi yana kare sulen, wani lokaci kuma yana zama shaida a kan asalinsa, amma ba shi ke samar da darajar ba.

Abin da ke sa farashi

Abubuwa uku ne ke yanke farashin sule: yawan irinsa da suka rage, yawan masu nemansa, da kuma lafiyar jikinsa. Ƙunshi na shafar na ukun ne kawai.

A Amurka ana auna lafiyar sule da ma'auni mai maki 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Kamfanoni biyu ne suka fi fice a wannan aiki, wato PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ya biyo baya a 1987. Sukan duba sule, su ba shi maki, sannan su rufe shi cikin robarsu.

Bambancin maki ɗaya a saman ma'aunin kan iya ninka farashi. Ƙarzuwar da ido ba ya gani sai da gilashi, ko maiƙon yatsa da ya zauna a fuskar sule, ya isa ya sauke shi daga wannan matsayi. Goge sule don ya yi ƙyalli kuwa ya fi komai lalata shi a idon masana. Wannan ne ya sa ake ba da shawarar a bar shi cikin robar da ya zo da ita.

Inda rufaffen kwali ya zama shaida

A watan Oktoban 2011 ma'aikatar buga sulalla ta Amurka ta fitar da wani ƙunshi mai ɗauke da sulallan azurfa biyar, domin cikar shekara 25 da fara buga sulen American Silver Eagle. Ƙunshi 100,000 aka yi, kowanne a kan kusan dala 300, kuma suka ƙare cikin 'yan sa'o'i.

Sai dai uku daga cikin sulallan biyar ba su da wani bambanci da waɗanda ake sayarwa ɗai-ɗai a wannan shekara. Saboda haka kamfanonin ba da maki suka ce ba za su rubuta cewa waɗannan ukun daga ƙunshin bikin suka fito ba, sai an kawo musu kwalin gidan waya a rufe kamar yadda ma'aikatar ta aiko shi. Wanda ya yi ɗokin gani ya yanke kwalinsa ya rasa wannan dama, kuma rufaffun kwalayen suka fi buɗaɗɗu tsada.

Haka lamarin yake ga tambarin "bugun farko" da kamfanonin ke bai wa sulallan da suka isa hannunsu cikin kwana 30 da fitowa, ko kuma cikin rufaffen kwali mai hatimin wannan lokaci. Tambari ne da ake ja-in-ja a kansa, domin ita kanta ma'aikatar ta ce ba ta ajiye lissafin waɗanda aka fara bugawa. Duk da haka akwai masu biyan ƙari a kansa.

Wani misalin ya fi wannan tsufa. A 1964 gwamnatin Amurka ta dakatar da bayar da dalolin azurfa, ya rage mata kusan miliyan uku, akasarinsu waɗanda aka buga a Carson City da ke jihar Nevada a ƙarni na 19. Hukumar GSA ta sayar da su tsakanin 1972 da 1980 cikin wata roba mai tauri. 'Yan kasuwa da dama sun farfasa robobin suka zubar. Daga baya sai robar kanta ta zama abin nema, har NGC ya koma ba da maki ba tare da ya ciro sulen ba, sai dai ya ɗaura tambarinsa a jikin robar.

Idan kowa ya ajiye

Matsalar sabbin sulallan tarawa ita ce kusan duk wanda ya saya yana adanawa. Abin da miliyoyin mutane suka ɓoye kuwa ba ya zama mai wuyar samu. Ƙunshin sulallan Amurka da yawa na shekarun 1970 da 1980, waɗanda aka yi miliyoyinsu, ba su wuce 'yan daloli ba a kasuwa, ko da ba a taɓa buɗe su ba.

Rufaffen buhu ma kan iya karya farashi ranar da aka kwance shi. Dalar azurfa ta 1903 da aka buga a New Orleans ta kai dala 1,500 a littafin farashi, saboda an ɗauka an narkar da yawancinsu. A ƙarshen 1962 aka fito da buhunanta daga ma'ajiyar gwamnati, nan take farashin ya faɗo ƙasa da dala 50.

A ɗaya gefen akwai sulen senti 10 na 1975. An yi ƙunshin wannan shekara fiye da miliyan biyu da dubu ɗari takwas a San Francisco, amma biyu kacal aka sani da suka fito babu harafin S mai nuna inda aka buga su. An sayar da ɗaya a 2019 a kan dala 456,000. Ɗayan, wanda wani iyali a jihar Ohio ya ajiye a banki fiye da shekara 40, an yi gwanjonsa a 2024 a kan sama da dala dubu 500. Kuskuren bugu ne ya kawo wannan kuɗi, kuma sai da wani ya buɗe kwali ya duba kafin a gano shi.

Irin wannan fata ce ke sa wasu ke biyan ƙari kan tsofaffin ambulan da aka ce ba a taɓa buɗewa ba. Ciniki ne na sayen abin da ba a gani ba, kuma tsofaffin dillalai kan yi gargaɗin cewa babu wuya a duba ambulan, a zare mai kyau, a sake liƙe shi.

Ƙunshin da ke cutarwa

Ba kowane ƙunshi ne ke kare sule ba. Leda mai laushi da ke ɗauke da sinadarin PVC takan tsattsafo da wani kore-koren maiƙo wanda ke cin ƙarfe sannu a hankali, musamman a wuri mai zafi da laima. Sulen da ke cikin irin wannan leda gara a ciro shi.

Takarda da kwali kuma na ɗauke da farar wuta, wadda ke sauya launin azurfa. Ƙunshin da Amurka ta sayar tsakanin 1947 da 1958 cikin kwali sun yi suna da haka. Wasu sun yi baƙi sun rage daraja, wasu kuma sun ɗauki launuka masu kyau da ake rububin saye.

Akwai kuma fararen ɗigo-ɗigo kamar na madara da ke fitowa a kan sabbin sulallan azurfa ko suna rufe, waɗanda ake dangantawa da yadda aka sarrafa ƙarfen tun a ma'aikata. Ƙorafin ya yi yawa har ma'aikatar Kanada ta ɓullo da wata kariya mai suna MintShield a 2018.

Ga sulallan da ake saye don nauyin zinare ko azurfar da ke jikinsu, farashin ƙarfe a kasuwar duniya shi ne kan gaba. Akwatin Silver Eagle mai ɗauke da guda 500, idan ɗaurinsa na ma'aikata yana nan, yakan samu ɗan ƙari, saboda dillali ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa ba.